Sabon FC, na bara, ko tsohon PES: wanne ya cancanci kuɗin ɗan Kano?

Kusan duk watan Satumba kamfanin EA kan fitar da sabon gem ɗinsa na ƙwallo, wato FC (FIFA a da), kuma duk watan Satumba gardama ɗaya ce ke tashi a gidajen gem na Kano, daga Fagge har Ɗorayi. Wasu su ce ai na bara ne aka sauya wa riga, kada wanda ya kuskura ya ba da kuɗinsa. Wasu su ce duk mai faɗin haka bai riƙe hannu, wato kwantirol, ya buga ba, a waya kawai ya kalla. Can gefe kuma ga 'yan PES, gem ɗin ƙwallon kamfanin Konami, da suka kafe a kan na 2021, wasu ma a kan na 2013, suna rantsuwa tun daga nan ba a sake yin gem ɗin ƙwallo ba.

A majalisa gardamar da daɗin ji. Amma ga mai gidan gem da ke lissafin kuɗin mai, ko uban da yara suka dama, ko saurayin da ya tara kuɗi ya sayi PS4 ta hannu, maganar ta wuce hira. Farashin sabon FC a ƙasashen waje kusan dala 70 ne. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta haura naira 1,500 a cikin 2024, wato faifai ɗaya ya zarce naira dubu ɗari, alhali mafi ƙarancin albashi da aka sanya wa hannu a 2024 ɗin naira 70,000 ne. Wanda zai ba da fiye da albashin wata a kan gem yana da haƙƙin ya tambaya: me aka ƙara a ciki?

A fara da EA, tunda nasu ne ake zargi da maimaici. Jerin ya soma a ƙarshen 1993 da FIFA International Soccer, kuma tun daga lokacin shekara ba ta taɓa wucewa ba tare da sabo ba. Idan ka jera su, za ka ga sauyin da hannu ke ji bai zuwa kowace shekara. FIFA 10 ya kawo juya ɗan wasa ta kowace fuska, maimakon kusurwoyi takwas na da. FIFA 12 ya sauya tsaron baya gaba ɗaya: a da danne maɓalli ɗaya kake yi ɗan bayanka ya bi mai ƙwallo ya ƙwace, sai aka mayar da shi sai ka tare hanya, ka jira, ka sa ƙafa a kan lokaci. Mutane sun yi ƙorafi sosai, shi ya sa aka bar tsohon salon a cikin saiti ga mai so. FIFA 14 ya zo da sabon inji, wato manhajar da ake gina gem a kanta, a kan PS4, FIFA 17 ya koma injin Frostbite, FIFA 22 ya kawo HyperMotion, inda aka ɗauki motsin 'yan wasa 22 suna buga wasa na gaske a fili. Tsakanin waɗannan shekarun, galibi gyare-gyare ne: a rage gudun 'yan gefe, a ƙara wa gola kuzari, shekara mai zuwa a mayar da abin da aka rage.

Ko sauyin suna bai sauya wannan ba. A 2022 EA da hukumar FIFA suka raba gari bayan kusan shekara 30, FIFA 23 ya zama na ƙarshe da wannan sunan, EA Sports FC 24 ya fito a Satumban 2023. Masu cewa an sauya wa tuwo suna ne kawai ba su yi ƙarya ba: inji ɗaya, maɓallai ɗaya, Firimiya da La Liga da Gasar Zakarun Turai duk suna nan, domin yarjejeniyarsu daban take da ta FIFA. Abin da aka ƙara mai ma'ana shi ne PlayStyles, wato baiwar da ke bambanta ɗan wasa da ɗan'uwansa ko da makinsu ɗaya, ta yadda mai iya lanƙwasa ƙwallo zai lanƙwasa ta yadda wani ba zai iya ba.

Ga wurin da ɗan Kano ya kamata ya buɗe ido. Yawancin abin da ake tallatawa a bidiyon sabon gem ba na PS4 ba ne. HyperMotion bai taɓa sauka a kan PS4 ba, kuma PS4 ce ta cika gidajen gem ɗinmu, ba PS5 ba. Saboda haka mutum biyu na iya yin musu a kan FC ɗaya, ɗaya ya ce ya sauya, ɗaya ya ce bai sauya ba, kuma duk su yi gaskiya, don ba abu ɗaya suka buga ba. EA ma tana da tarihin yin haka a bayyane. Idan na'ura ta tsufa sai su riƙa fitar mata da abin da suke kira Legacy Edition: gem ɗin bara sak, an sabunta riguna da sunayen 'yan wasa kawai. Haka aka yi wa PS3 kafin a rufe ta da FIFA 19, haka aka yi wa Nintendo Switch daga FIFA 20 zuwa FIFA 23. Abin ya kai har shafin IGN mai sharhin gem, da zai yi sharhin FIFA 21 na Switch, ya kwafo sharhinsa na shekarar da ta gabata ya manna, ya ce tunda kamfanin kwafa ya yi, su ma kwafa za su yi. Na PS4 ba a liƙa masa wannan tambarin ba, amma duk shekarar da ta wuce tazararsa da na PS5 ƙaruwa take yi.

Sababbin fannonin wasa kuma, da su ake cika talla, ba su cika daɗewa ba. The Journey, labarin yaron nan Alex Hunter, ya zo a FIFA 17, aka binne shi bayan FIFA 19. Volta, ƙwallon titi, ta zo a FIFA 20, aka cire ta a FC 25, aka kawo Rush a madadinta. Rush ɗin kam na yaba masa: biyar da biyar a ƙaramin fili, gola na kwamfuta, sauran huɗun mutane na iya riƙe su, kuma PS4 da PS5 duk suna ɗaukar hannu huɗu. A ɗakin da samari shida ke jiran layi, wannan ya fi duk wani gumin fuskar Haaland da aka zana amfani.

Dalilin da EA ba ta son girgiza gem ɗin ba ɓoyayye ba ne. Kuɗinta na Ultimate Team ne, fannin da aka ƙirƙiro a FIFA 09, inda kake haɗa kulob da katunan 'yan wasa. A shekarar kuɗi ta 2021 kamfanin ya bayyana cewa Ultimate Team, a duk wasanninsa na motsa jiki, ya kawo dala biliyan 1.62. Kuma kowace shekara kulob ɗin da ka gina ba ya bin ka zuwa sabon gem, daga sifili za ka sake farawa. Mai irin wannan rijiyar ba zai yi gangancin sauya wasan da zai kori masu ɗiba ba. Iyaye su lura da wannan fannin musamman: ana sayen ƙunshin kati da kuɗi na gaske ba tare da sanin wanda ke ciki ba, ko Okocha ko Kanu su fito, ko tarkace. Ƙasar Beljiyam ta ɗauki irin wannan a matsayin caca a 2018, har EA ta daina sayar da makin sayen katin a can a farkon 2019. A garin da Hisba ke rufe shagunan caca, bai kamata uba ya saka katin bankinsa a na'urar yaro ya juya baya ba.

To, ga wanda ya gaji da maimaici, yana fatan kamfani ya yi ƙarfin hali ya rushe ya sake gini, Konami ta riga ta nuna mana yadda abin ke kasancewa.

Duk wanda ya girma da PS2 a Kano ya san wannan gidan. Winning Eleven ake ce masa a Japan, Pro Evolution Soccer a Turai tun 2001. PES 6 na 2006, da Adriano na Inter mai makin harbi 99, wanda in ya saki ƙafar hagu gola sai dai ya bi da kallo. Master League, inda kake farawa da su Castolo da Minanda da Ximelez, 'yan wasan da babu su a duniya amma har yau akwai masu tuna su fiye da 'yan ajinsu na firamare. Konami ba ta da lasisin yawancin kulob-kulob, shi ya sa Manchester United ta zama Man Red, Liverpool ta zama Merseyside Red, Chelsea ta zama London FC, kuma ba wanda ya damu, don ƙwallon da ke ƙafa ta fi sunan da ke riga. PES 2013 ya haɗa duka biyun: wasa mai daɗi, ga Gasar Zakarun Turai da taken ta, domin Konami ce ke riƙe da lasisin na tsawon shekara goma kafin ya koma hannun EA a FIFA 19. Wannan, da kuma sauƙinsa a kan PS3 da ƙaramar kwamfuta, shi ya sa har yanzu ake samun sa a lunguna.

Sau biyu Konami ta yi babban sauyi, sau biyu ta ji jiki. PES 2014 ya koma injin Fox, ya fito da nauyi da gibi, sai da aka yi shekara biyu kafin a daidaita shi. Daga nan aka yi ta goge shi har ya kai PES 2021, wanda, abin ban dariya, shi ne mafi maimaici a tarihinsu. Kamfanin da kansa ya rubuta masa Season Update a jiki, ya ce na 2020 ne aka sabunta, ya kuma rage masa farashi. Wannan gem ɗin da bai yi da'awar sabunta ba shi ne mutane da yawa ke ɗauka a matsayin mafi kyawun wasan ƙwallo da aka yi.

Sai ranar 30 ga Satumba, 2021. Aka jefar da sunan PES, aka jefar da injin Fox aka ɗauko Unreal, aka daina sayarwa aka mayar da shi kyauta, aka kira shi eFootball 2022. Ya fito da kulob tara kacal da za ka iya bugawa, babu Master League, babu wurin gyara riguna da sunaye yadda aka saba. Hotunan fuskar Messi da Ronaldo a karkace suka cika Facebook da Twitter, a Steam, shagon gem ɗin kwamfuta na intanet, ya zama gem mafi munin maki a lokacin, kamfanin ya fito ya ba da haƙuri. Sai a Afrilun 2022 aka fitar da abin da za a iya kira cikakken gem. Garin neman gira aka rasa ido. An gyara shi sosai daga baya, kuma adalci ne a faɗi haka: a fili wasansa yanzu yana da kyau, an ƙara kulob-kulob, kuma tunda kyauta ne ba ya buƙatar kuɗin rajistar PlayStation Plus kafin ka buga da wani ta intanet, saɓanin FC. Amma an gina shi ne domin mutum ɗaya, da asusunsa, da intanet ɗinsa, yana tara 'yan wasa. Ba a gina shi domin benci da talabijin ɗaya da "wanda aka ci ya ajiye hannu" ba.

Ra'ayina a nan shi ne masu zagin maimaici sun kama gefen da ba shi ba. Ƙwallo kanta ba ta sauyawa: goma sha ɗaya da goma sha ɗaya, raga biyu, minti casa'in. Wanda ya shekara biyar yana koyon lokacin sakin fasin tsakiya ba ya son a wayi gari an rushe masa ilminsa. Mai gidan gem ma ba ya so, domin kwastoman da ya zo ya ji hannunsa ya ɓace ba zai yi wasa uku ba zai tashi. Ka duba ƙaramin abu kamar maɓallin harbi: a PES murabba'i ne, a FIFA da'ira ce, kuma shekara nawa ana rigima a kan "tsaya in sauya kwantirol" kafin a take wasa. Idan wannan kaɗai na iya hana mutum cin ƙwallo, ina ga an sauya komai. Laifin EA ba maimaicin ba ne, karɓar kuɗin sabon abu a kan gyaran fuska ne. Konami ta 2020 ta fi kowa gaskiya: ta maimaita, ta faɗa, ta rage kuɗi.

A fili kuma bambancin gidajen biyu na nan yadda aka san shi. PES 2021 yana da nauyi, ƙwallo tana da nata rai, in ka ba da fasin kana fuskantar wani gefen za ta kauce, kuma mai haƙurin gina wasa daga baya shi ke cin riba. FC ya fi sauri da walƙiya, mai gudu da mai iya yanka da sandar dama su ne sarakuna, shi ya sa yara ke son sa kuma shi ya sa kowa ke rububin Real Madrid ko Faransa saboda Mbappé. EA da kanta ta amsa cewa salo ɗaya ba zai gamsar da kowa ba, don a FC 26 na 2025 ta raba wasan gida biyu, Competitive mai sauri domin masu fafatawa ta intanet, da Authentic mai natsuwa domin mai son abin da ya yi kama da wasan da yake kallo a gidan kallo. Tsohon ɗan PES da ke tunanin ƙaura, wannan na biyun shi ne ƙofarsa.

Inda tsohon gem ke faɗuwa warwas shi ne sunaye. A PES 2021 yadda ya fito, Messi na Barcelona, Ronaldo na Juventus, babu gasar Jamus in ban da kulob kaɗan, babu Gasar Zakarun Turai da sunanta. Yaron da ya kalli Osimhen a rigar Galatasaray jiya da daddare ba zai yarda ya gan shi a wani wuri yau ba. Maganin shi ne faci: a PS4 ana zuba fayil ta filas ya gyara riguna, tambura da sauyin 'yan wasa, a kwamfuta kuma masu sha'awa sun gina abubuwa irin su SP Football Life a kan ƙashin PES 2021, suna sabunta shi duk kaka. A nan ne ma kaɗai Sai Masu Gida ke da wurin shiga, domin babu gasar Najeriya a FC ko eFootball. A PES kana iya zama ka ƙera Kano Pillars da rawaya da korenta, ka saka Ahmed Musa a gaba, ka kai ta ta kara da Barcelona. Sai dai faci aikin sa-kai ne, wani ya yi kyau, wani ya zo da fuskokin da ba ka gane kowa, kuma na PS4 ba ya taɓa zurfin da na kwamfuta ke kaiwa. Tsohon FC shi ma ana iya matsar da 'yan wasa da hannu daga kulob zuwa kulob, amma rigunan bara za su ci gaba da sakawa.

Sai kuɗin da ba a rubuta a jikin kwali ba. Sabon FC gigabait gommai ne, kuma faifan ba ya raba ka da saukar da gyare-gyare masu nauyi a watannin farko, ga kuɗin data da aka amince a ƙara da kashi 50 cikin ɗari a farkon 2025. Wasa ta intanet yana son layin da ba ya rawa, in kuma aka ɗauke wuta kana tsakiyar wasa an rubuta maka faɗuwa ke nan. PES 2021 da tsohon FIFA ba ruwansu da duk wannan, a tayar da janareta ko a jona sola, a buga.

Idan gidan gem gare ka kuma PS4 ne a ciki, shawarata kada ka bi kowace shekara a kan kowace na'ura. Sabon FC ɗaya a kan talabijin ɗin da ya fi girma ya isa ya riƙe yaran da ke tambayar "akwai sabo?", sauran ka bar su da na bara da PES 2021 mai faci mai kyau, don manyan da ke zuwa bayan isha'i galibi shi suke nema. Kafin ka yi sha'awar komawa PS5, ka sani hannun PS4 ba ya buga gem ɗin PS5, dole ka sayi nasa, kuma a gidan gem hannu ne abin da ya fi saurin mutuwa.

Idan a gida kake, kana da PS5 da intanet mai ƙarfi, kuma fafatawa da mutanen waje ce ke ba ka daɗi, ba ka da zaɓi da yawa, domin jama'a na ƙaura zuwa sabo da zarar ya fito, tsohon kuma a hankali ake rufe masa sabis. Ko a nan ɗin, haƙurin wata biyu zuwa uku na saukar da farashi, kuma an taɓa bayar da FIFA 22 da FC 24 ga masu PlayStation Plus a watan Mayu ba tare da ƙarin kuɗi ba. Idan kuwa kai da ƙannenka da abokai ne a falo, ko kai kaɗai kana jan kulob kaka bayan kaka, tsallake shekara biyu ba zai rage ka da komai ba sai riguna. Lokacin da ya dace ka sayi sabo shi ne lokacin da ka sauya na'ura, don a nan ne tsallen gaske yake. Mai son jan kulob shi kaɗai ya gwada Master League na PES 2021 da Career na FC kafin ya yanke: na farkon ya fi daɗi a fili, na biyun ya fi cika a ofis, da cinikin 'yan wasa da makarantar yara da gasanni masu sunansu na gaskiya.

Wanda waya ce kawai gare shi, eFootball ne nasa, kuma a nan ne sauyin Konami ya biya: kyauta ne, ana sabunta 'yan wasa ba tare da sayen sabo ba, kuma wasan ya fi kusa da na babbar na'ura fiye da yadda FC Mobile, wato FC na waya, yake kusa da nasa. Ya dai kula da data, ya kuma kame hannunsa daga sayen sulallan cikin gem.

In ka tashi saye, ko a Farm Centre ne ko Beirut Road ko Sabon Gari, ka duba saman kwalin: faifan PS4 yana aiki a PS5 mai ramin faifai, na PS5 ba ya aiki a PS4, kuma akwai PS5 da ba ta da ramin sam. PES 2021 da tsofaffin FIFA an cire su daga shagon intanet na PlayStation, saboda haka faifai na hannu ne hanyarsu, a sa maka shi a na'ura ka ga ya buɗe har an take wasa kafin ka biya. Idan kuma PS4 ce aka ce maka "an buɗe ta, an cika ta da gem", ka tambayi mai shagon tun a wurin ko tana hawa intanet da kuma ko za ta karɓi gem ɗin da zai fito baɗi, domin irin waɗannan a kan tsohuwar manhaja ake barin su, ranar da yaro ya danna sabuntawa kuma duk abin da ke ciki ya daina buɗewa.